Farin Layin da Ya Ratsa Gonarmu

Litinin, 2 ga Yuni 1997, da hantsi

Injiniya Lukuman ya dawo daga taron Gwandu yana ta washe baki, wai taswirarmu ta burge kowa. Tamu, in ji shi. Ni na sha rana a kan babur daga Wurogauri har Malisa ina zura igiya cikin rijiyoyin mutane ina auna zurfin ruwa, ni na zauna na ɗura lambobin a kwamfuta har idona ya yi ja, shi kuma ya naɗe takarda ya cusa a hammata. To, tamu ce.

Taswirar ba wani abu ba ce, launi ne kawai aka shimfiɗa. Shuɗi inda ruwa yake kusa, sai kore, sai rawaya, ja kuma inda mai haƙa zai sha wuya, don a san inda za a kafa rijiyoyin aikin fadama. Amma ranar da na buga ta na ga wani farin layi siriri, miƙe sambal kamar an ja da rula. Ya taso daga bakin takarda ta arewa, ya ratsa ja da rawaya da kore, ya zo ya tsaya cak a bakin shuɗin da ya kewaye tafkin Dodoru. A fuskar kwamfuta babu shi. A takarda ga shi nan. Na ce wa Injiniya ya dakata in sake bugawa, ya ce direba na jira, kuma wa zai tsaya duba wani ɗan zare.

Yau na tambaye shi ina takardar. Wai ya bar ta manne a zauren dagacin Dodoru don jama'a su ƙaru. Duk garuruwan da ke cikin taswirar nan, sai a garinmu ya ga dama ya manna ta.

Laraba, bayan la'asar

Yaya Hassan ya zo Kalgo a motar kasuwa. Matata Binta ta kawo masa ruwa, ko kallon kwanon bai yi ba. Tun daga ƙofar gida ya ce, "Hamidu, kai ka zana wanga layi?"

Sai da na zaunar da shi sannan na gane kan maganar. A wurin taron, arɗon Fulanin wajenmu ya ɗora yatsa kan layin ya tambayi Injiniya mene ne wannan. Shi kuma gogan, maimakon ya ce bai sani ba, ya gyara hula ya ce ai da gangan aka bar shi haka. Shi ke nan. Tsofaffin garinmu sun san taswirar safiyo ta da, wadda a cikinta fari ake barin burtali. Tsohon burtalin da ke kai shanu tafki kuwa gonaki sun cinye shi tun muna yara, Fulanin arewacin gari sun yi ta kai kuka har sun gaji. Yanzu ga takardar gwamnati mai launi, ga farin layi daga wajen rugarsu har bakin ruwa. Me kake so su ce?

Layin ya bi ta tsakiyar gonarmu, daidai ɗorawar da Baba yake hutawa a ƙarƙashinta kafin Allah Ya yi masa rasuwa. Gero ya riga ya tsiro. Kuma rugar da ake magana ta Kawu Sambo ce, ƙanin Inna, ciki ɗaya.

Dagaci ya ce kowa ya yi haƙuri sai ƙarshen wata a zauna. Na ce wa Yaya kuskuren inji ne kawai, kafin zaman zan kawo takarda tsaf babu layi, kowa ya gani da idonsa. Ya yi mini kallon da yake yi mini tun ranar da aka kai ni makarantar kwana aka bar shi da hauya. Ya ce in yi sauri.

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban san da wa zan fara ba.

Alhamis, da azahar

Na buɗe firinta, injin da ke buga mana taswira. Tir. Kashin ɓera, da ƙura, da busasshiyar tsaka a manne jikin robar da ke jan takarda. Na ciro ta da tsinke. Wannan ita ce na'urar da ake yi wa mutane hukuncin ƙasa da ita.

Na wanke kan tawadar da auduga da sifirit, na buga. Layin yana nan. Na sa sabon kwalin tawada, wanda Injiniya ke ɓoyewa a durowa kamar gadon ubansa, na buga. Layin yana nan. Sai na ce bari in kama ɓarawo: na juya taswirar a kwance, arewa ta koma gefen dama. In firinta ce ke tsallake wuri, layin zai tsaya inda yake a jikin takarda. Bai tsaya ba. Ya juya tare da taswirar, ya je ya sami tafkin Dodoru inda na mayar da shi, ya tsaya a bakinsa.

Ashe ba laifin tsaka ba ne, Allah Ya ba ta haƙuri. Hannuna har yanzu warin sifirit yake, ban iya cin abincin rana ba.

Juma'a, bayan masallaci

Na tare Injiniya a bakin ofis, na ce abu mai sauƙi ne, ya aika wa dagaci cewa layin nan ba komai ba ne, a cire takardar. Ya dube ni sama da ƙasa. Wai ina so ya je gaban hakimi da dagatai ya ce aikin da ya gabatar kuskure ne? Wai in gyara taswirar, a canza ta shiru, ba sai an yi tonon silili ba. Na ce gonar mutane ce. Ya ce shi ruwan ƙarƙashin ƙasa aka ɗauke shi ya duba, abin da ke bisa ƙasa ba huruminsa ba ne.

Mun fito daga masallaci ɗaya da mutumin nan, sahu ɗaya. Yana gama faɗar haka ya sa tsinke a baki yana sakace, ko a jikinsa.

Na ce zan je da kaina in cire. Ya ce takardar ofis ce, in na taɓa ta ba da izini ba in san inda zan nemi aiki.

Asabar, da hantsi

Na buga sau uku. Layin yana nan.

Lahadi, da magariba

Na je gida na dawo. Ba zan rubuta abin da ya faru jiya a gona ba.

Litinin, da hantsi

Ban yi aikin komai ba. Na kunna kwamfuta ina kallon taswirar a fuskarta, tas, babu ko ɗigon fari, kamar mutumin kirki. Munafuka. A gabana ta yi lumui, in ta je hannun mutane ta haɗa faɗa.

Shanu ba su jira ƙarshen wata ba. Wa ya ce dabba ta san ranar zama? Zafi ake yi, rijiyar rugar ta ƙafe, ga ruwa can suna jin ƙamshinsa. Sai aka bi layin da su ta cikin gonarmu.

Ƙotar hauyar Yaya Hassan tana nan jingine a bayan rumbu, ta tsage gida biyu. Ba wanda ya ɗauke ta, ba wanda ya dube ta, kowa sai ya kewaye ta in zai wuce. Maɗori ya ce ƙashin zai kama, amma hannun dama ne, kuma Kawu ba yaro ba ne. Yaya Hassan yana ɗaki. Na yi sallama, ya amsa, bai fito ba.

Inna ba ta yi kuka ba, da ma kukan ta yi. Ta zauna a ƙofar ɗakinta tana tsince wake, ta tsince ta sake zubawa ta sake tsincewa. Da zan tafi ta ce, "Kai da anka kai boko, abin da ka kawo muna ke nan." Ba da faɗa ta faɗa ba.

Mutanen zaure kuma sun samu abin yi. Waɗanda ko ƙafar gero ba su da ita a wajen su ne suka fi kowa zafi, kowa ya zama lauya. Na ga wani yana auna layin da tsinken tsintsiya yana bayani. Takardar ta yi maiƙo saboda yatsu. Ƙyamarsu ta kama ni, na fita ban gaisa da kowa ba.

Talata, da la'asar

Na ce ko lamba ɗaya na saka ba daidai ba. Na ɗauko duk awon rijiyoyin na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na sami ɗaya ta Wurogauri da na rubuta sau biyu, har na ji daɗi, na goge, na buga. Layin yana nan.

Na ciro littafin bayanin furogiram ɗin da ke zana taswirar a kwamfuta daga kabad. Gara ta cinye bayansa, daidai wurin da ake maganar matsaloli. Abin da ya rage sai godiya ga wanda ya saya. Bature ya rubuta shafi guda yana taya ni murna.

Alhamis, da azahar

Yau na ga abin da ya fi ƙarfina. Na rage launukan, na haɗe kore da rawaya suka zama ɗaya, don in ga ko yawansu ne ke rikita ta. Da takardar ta fito, layin ya bar gonarmu. Murna ta kama ni. Sai na duba gefe, ga shi ya koma gabas, ya bi ta bayan Malisa, ya ratsa maƙabartarsu miƙe sambal.

Na yi dariya ni kaɗai har masinja ya leƙo. Ai ga shaida. Burtalin da ke tashi daga gari zuwa gari saboda an canza launi, ko mahaukaci ya san ba burtali ba ne. Na ɗauki takardun biyu na shimfiɗa wa Injiniya a teburi, na ce bari in kai wa dagaci ya gani.

Ya miƙe tsaye. Wai so nake in nuna wa duniya injinmu na zana ƙarya yadda ya ga dama? To wa zai yarda da shuɗin da jan kuma? Wa zai yarda a haƙa masa rijiya inda muka ce? Kuma in mutanen Malisa suka ji an bi ta kan iyayensu fa? Ya naɗe su biyun ya jefa a durowa ya murɗa makulli.

Abin da ya fi ba ni haushi, a maganar Malisa yana da gaskiya. Mutum ya shafe mako yana shirme, rana ɗaya ya faɗi gaskiya, kuma a kanka.

Juma'a, da safe

Binta ta ce ina magana cikin barci. Ta ce in dai layin nan kishin gona yake, in raba masa tasa ya huta. Ban yi dariya ba, ita ma ba ta ƙara ba.

Direbanmu ya biyo ta Dodoru jiya. Ya ce Inna ta daina cin abinci, sai ruwa da ɗan goro. An yi lallashin duniya, ta ce ba ta jin yunwa.

Lahadi, da yamma

Na je ruga. Na daɗe a bakin shinge kafin na yi sallama, kunya kamar in nitse. Kawu Sambo yana zaune kan buzu, hannun ɗaure da kara, an rataya masa shi a wuya da tsohon rawani. Ya sa aka kawo mini nono. Na sha ne don kada ya ce na ƙi.

Bai ambaci hannun ba, ni ma ban ambata ba. Ya tambayi Binta, ya tambayi aiki. Ya ce ya ji yayarsa ba ta cin abinci, wannan ya fi komai damunsa. Sunan Yaya Hassan sau ɗaya ya fito, da yake ba ni labarin ranar da ya goya shi a wuya suka ƙetare tafkin nan da damina, yana ɗan shekara huɗu yana ja masa kunne.

Sai na yi ta maza na ce masa layin nan ba gwamnati ta zana ba, inji ne ya yi kuskure, kuma ni ne mai injin. Ya saurare ni har na gama. Bai yi fushi ba, da ma ya yi.

Ya ce, "Hamidu, shekara nawa muna roƙo? Ranar da anka ba mu, sai ɗan yayata ya zo ya ce kuskure na. To ni ban yi boko ba. Amma gaya min, kuskure ya san inda ruwa yake? Ga daji nan ko'ina, mi ya hana shi tahiya wani wuri? Sai daga ƙohwarmu har bakin tabki?"

Na ce zan bincika. Ya ce to, Allah Shi taimaka.

A hanya na tsaya na amayar da nonon a gindin sabara. Ba nonon ne ya yi laifi ba.

Litinin, da hantsi

Kuskure ya san inda ruwa yake?

Talata, bayan azahar

Ya sani. Wallahi ya sani.

Tambayar Kawu ce ta hana ni sakat. Na daina neman yadda zan kashe layin, na tsaya duba inda ya fara da inda ya ƙare. Na buga wajen Dodoru kaɗai da girma, na aro madubin ƙara girman rubutu a wurin mai gyaran agogo. Sai na ga ba layi ɗaya ba ne. Guntaye ne suka haɗu baki da baki, kowane launi da nasa.

Ga yadda abin yake. Shuɗin tafki yana tsakiya. Kore ya kewaye shi kamar zobe, rawaya ta kewaye kore, ja ya kewaye rawaya. Shi wannan furogiram ɗin bai iya cika zobe mai rami a tsakiya ba. Sai ya tsaga zoben daga bakin rami zuwa waje, kullum ta sama, ya mayar da shi abu mai baki ɗaya, ya cika, sannan ya haɗa bakin tsagar. A fuskar kwamfuta haɗin ba ya nunawa saboda idonta ba shi da kaifi. Firinta kuwa tana bin kowane gefe daidai, sai ta bar ɗan siririn wurin da tawada ba ta taɓa ba. Kamar ɗinkin tela ne da bai kama ba, farin da ake gani takardar ce kawai.

Shi ya sa dole ya ƙare a bakin ruwa, don ruwan ne ramin zoben. Shi ya sa ya nufi arewa, don arewa ce saman takarda. Da na haɗe launuka zoben ya canza siffa, tsagar ta tashi ta koma Malisa. Na duba sauran wuraren shuɗi, kowanne da 'yar tsagarsa, gajeru, wasu sunayen garuruwa sun rufe su.

A kan wannan aka karya hannun dattijo. A kan ragwancin wani mutum can wata ƙasa, da ya ga tsaga ta fi masa sauƙi, ya tsaga ya tafi cin abincinsa. Ban san shi ba, bai san akwai Dodoru a duniya ba. Na so a ce wani babban abu na gano, ko makirci, ko mugun nufi, abin da mutum zai iya tsana da hujja. Sai ga shi ɗinki ne ya ɓalle.

Maganin ma abin haushi ne don sauƙinsa. Kada a ba shi zobe ko ɗaya. In shimfiɗa ja ya rufe taswirar duka, in ɗora rawaya a kansa cikakkiya ba rami, in ɗora kore, in ɗora shuɗi a ƙarshe, kamar ana jera faifai babba a ƙasa ƙarami a sama. Babu rami, babu tsaga. Sai dai kowane launi sai na ware shi da hannu.

Laraba, da la'asar

An ɗauke wuta ina tsakiyar kore. Janareta babu mai. Injiniya ya fita da motar da jarkar a ciki.

Alhamis, da azahar

Na sake kore daga farko. Na aika wa Yaya Hassan ta bakin direba cewa ya riƙe, na gano, ina tafe da takarda ranar Asabar, tun kafin zaman dagaci. Direba ya dawo ya ce ya faɗa masa. Na ce me ya ce? Wai ya ce to.

Juma'a, da hantsi

Ta fito. Ja, rawaya, kore, shuɗi, tas, ko ƙwayar fari babu. Na ɗaga ta a rana, na bi ta da madubi lungu-lungu. Babu.

Injiniya ya gani ya ce ai da ma ya san ƙaramin abu ne. Ya ba ni izini in kai ɗaya Dodoru, shiru. Na yi zaton zan ji daɗi. Abin da na ji kawai gajiya ce, da warin sifirit da ya ƙi barin yatsuna.

Asabar, da magariba

Na isa gida da hantsi, takardar a cikin bututun roba a bayana. Inna na samu a tsakar gida tana cin ɗumame, da hannunta, tana sa loma. Na tsaya ina kallonta. Ta ce in zauna in ci, na ce sai na ga Yaya. Ta ce yana gona. Ƙotar hauyar nan ba ta bayan rumbu.

Tun daga nesa na ga gonar ta canza. An tuge gero daga bakin arewa har kudu, faɗin da shanu za su wuce a jere, miƙe sambal. Gefe da gefe an dasa aguwa don ta zama shinge. Yaya Hassan yana durƙushe yana danna ƙasa a gindin wata, shi kaɗai. Ɗorawar Baba ta faɗa cikin hanyar, ƙarƙashinta duk kashin shanu ne, wurin da yake shimfiɗa buzunsa.

Bai jira zaman dagaci ba. Ranar Alhamis da safe, kafin saƙona ya iso, ya ɗauki liman suka tafi ruga. Ya durƙusa gaban Kawu. Ya ce ya ba da hanyar har abada, shi da 'ya'yansa, ya rantse a gaban mutane. Maƙwabtan da layin ya taɓa gonakinsu suka ga wanda ya fi kowa asara ya bayar, suka bi. Da yammar ranar Inna ta ce a ɗumama mata tuwo.

Duk wannan a tsaye ya gaya mini, a taƙaice, yana kakkaɓe hannu. Ni kuma kamar wawa na zare takardar na shimfiɗa a kan kunya, na danne gefunan da hoge. Na fara yi masa bayanin zobe da tsaga. Ina jin muryata tana fita, ina jin ƙyamarta.

Ya duba ta da kyau, har ya sunkuya. Ya ce ta yi kyau.

Na ce, "Yaya, babu layin. Tun farko ma babu shi."

Ya ce, "Juya ka duba."

Ban juya ba, na riga na gani. Ƙasar ta yi fari saboda kofato, a 'yan kwanakin nan har ta fara zama turɓaya, daga arewa har bakin tafki.

Na ce rabin amfanin bana ne fa ya tafi, kuma ba bana kaɗai ba. Na ce in dagaci ya ga wannan takardar, rantsuwar da aka yi a kan kuskure ai malamai suna da magana a kai. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce shi ba don takarda ya rantse ba, takardata ba ta karya hannun kowa ba. Ya naɗe taswirar da kansa, a hankali, ya mayar cikin bututun ya miƙo mini.

"In kana ƙaunar Inna, kada wani ya ga wagga cikin garin nan."

Muna nan tsaye shanun suka gangaro. Wani jikan Kawu ne ke gaba, ya gaishe mu, Yaya ya amsa. Dole muka matsa gefe, muka tsaya cikin geronmu, a bayan aguwa, har suka gama wucewa. Wata saniya ta tsaya ta soshi wuyanta a jikin ɗorawar. Yaya Hassan ya kawar da kai, ya koma kan dashensa.

Na ci ɗumamen Inna kafin na taho. Ta tambaye ni mene ne a cikin robar. Na ce kayan aiki ne.

Litinin, da hantsi

Injiniya ya tambaya ko na canza ta zauren dagaci. Na ce ruwa ya dake ni a hanya, sabuwar ta lalace. Ya ce in sake buga wata. Na ce tawada ta ƙare.

Layin yana nan.